Hotunan Littafina a Wayar Mariyama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan, ina ninke darduma, saƙo ya shigo cewa Mariyama ta rasu bayan jinyar kwana huɗu.

Mariyama 'yar zangon Kumasi ce, shugabar masu shara a wani dogon bene a unguwar West Bay, nan ƙasar Larabawa da muke zaune. Shekara uku muna aji ɗaya a kwalejin da ma'aikata ke neman digiri bayan la'asar.

Ban shiga ajin nan da zuciya ɗaya ba. 'Yata tana jami'a, inda abokan karatunta kusan duk sa'anninta ne, babu mai zuwa da kayan aiki a jiki. Namu ajin kuwa akwai wata 'yar Sudan mai jikoki, da nas 'yar Filifin, da wata 'yar Kenya mai gadin ƙofar mata a wani kanti. Na riƙa tambayar kaina ko digirin da irin wannan taro zai samu digiri ne na gaske.

Mariyama ce ta fara matsa mini kujera. Ta kan ajiye mini dabino a kan littafi, ta ce, "Hajiya, ci mana, fuskar nan ta yi tsami." Na kan ci, ina tunanin me take nema a wurina.

Sai na lura duk ƙarshen darasi tana ɗaukar hoton littafina da wayarta, shafi bayan shafi. Ban tambaye ta dalili ba. Na yanke cewa aikina take kwafewa, na je na gaya wa malamarmu a asirce, ina ganin amana na tsare. Aka kira ta ofis, aka ba ta takardar gargaɗi.

Daga baya 'yar Kenyan ta gode mini a masallacin kwaleji saboda hotunan littafina. Ashe hotunan ga mata shida suke zuwa, waɗanda motar kamfani ba ta sauke su sai an ci rabin darasi.

Ganina na ƙarshe da ita a unguwar Fereej Abdel Aziz ne, wajen tsayawar bas, makonni biyu da suka wuce. Ta riƙe hannuna ta ce, "Rubutunki ya fi na kowa fita, shi ya sa. Wadda ta kai ƙarata ma, khalas, ya wuce, na yafe, na san tsoron Allah ne ya sa ta."

Ta daɗe tana kallona kafin bas ɗinta ta zo.

Ta sani ne? Tun safe nake juya kallon nan. Kuma ina tuhumar kaina: tsoron Allah ne da gaske, ko raini ne na yafa wa mayafi? Na samu dama a wurin nan in ce ni ce, amma na bar ta ta hau bas.

To, ni ce.

Yau akwai darasi ƙarfe huɗu. Zan ɗauki hoton shafukan da kaina, sai dai a shekara uku ban karɓi lambar ko ɗaya daga cikin matan nan ba. 'Yar ajinmu da ta ga wannan, don Allah ta turo mini.

Ya Allah Ka gafarta wa Mariyama, Ka yalwata kabarinta, Ka ba 'ya'yanta da ke Kumasi haƙuri. Wanda ya karanta ya yi mata addu'a, ya kuma roƙa mini Allah Ya sa yafiyar da ta furta ta haɗa da ni.