Hannun Gwadabe, Sunan Ibrahim

A layinsu na Panshekara kowa Gwadabe ya san shi. A kamfanin fata da ke Challawa kuwa, shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa kiran sa da wannan suna. Can Ibrahim ne.

Ibrahim ɗin yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya fara barin ƙauyensu da ke wajen Ringim ya zo Kano, ya yi sa'a aka ɗauke shi cikakken ma'aikaci, da kati da lamba. Bayan shekara shida warin maganin jima ya kama masa ƙirji, tari ya hana shi sakat, ya ce shi gida zai koma. A lokacin kamfani ya daina ɗaukar kowa sai leburan wuni, waɗanda yau suna ciki gobe suna bakin ƙofa. Musbahu, foman ɗin sashensu, shi ya kawo shawara.

"Kai ke tari, katinka lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Turo ƙaninka ya riƙe. Hoton ya koɗe, kuma ai kuna kama."

Gwadabe yana da shekara ashirin da huɗu a lokacin. Ya ce abin bai kwanta masa ba. Ibrahim ya ce ba satar kowa aka yi ba, gurbi ne na gidansu, kuma sunayen biyu ma uba ɗaya ne ya raɗa su. Haka Gwadabe ya rataya katin a wuya ya shiga.

Mutum ne dogo, marar yawan magana. Aikinsa a injin matse fata ne, wasu manyan ƙarafa biyu masu juyawa da ake tura jiƙaƙƙiyar fata tsakaninsu su tatse ruwan. Ya ƙware har ta kai da ya shafa fata da yatsu zai gaya maka ta akuya ce ko ta tunkiya, kuma ko za ta wuce lafiya ko za ta naɗe. A ƙafa yake zuwa aiki ya dawo, domin ya gaji da ganin fasinjojin adaidaita suna toshe hanci in ya shiga. Da albashin nan ya auri Zulaihat, suka kama ɗaki ciki da falo, suka haifi Aina'u da ƙannenta biyu.

Da Ibrahim ya rasu, shekara uku kafin abin da za a faɗa, Gwadabe ya je aka yi jana'iza da shi, ya dawo ranar Litinin ya sa hannu a rajista da sunan wanda ya binne. Ranar ya samu Musbahu ya ce yana so a gyara takarda.

"Gyara ka ga," Musbahu ya ce. "Su share shekarunka, su mai da kai bakin ƙofa. Da 'ya'ya uku kake wannan magana?"

Bai sake tayar da ita ba.

Wata Talata da hantsi aka ɗauke wuta. Injin ya tsaya da fata rabi a ciki. In ta daɗe a matse shaida take fitowa a jikinta, ta faɗi daraja, a sauke wa mai injin faɗa. Ƙa'ida ita ce a kashe makunni kafin a sa hannu, amma makunnin yana can bayan injin, kuma kowa ya san janareto kan ɗauki minti biyar kafin ya tashi. Ƙarfen kariya da ke gaban injin tun bara aka cire shi za a gyara, ba a mayar ba. Gwadabe ya zura hannun dama ya kamo bakin fatar. Ranar ko minti ɗaya janareton bai yi ba.

Ya ce da farko bai ji zafi ba. Gani kawai ya yi hannun rigarsa yana shigewa, shi kuma ana jan sa gaba. Shu'aibu, abokin aikinsa da ke injin kusa, shi ya tsallake tulin fatu ya kashe wutar yana salati. Kafin a kwance ƙarafan a zaro hannun an fi rabin awa. A asibitin ƙashi likita ya duba ya girgiza kai, aka yanke daga ƙasan gwiwar hannu.

Kamfani ya biya asibiti, ba za a hana su wannan ba. Manajan ma'aikata ma ya zo dubiya da ledar lemo da ayaba, ya ce, "Malam Ibrahim, ka kwantar da hankalinka, kai namu ne." Zulaihat tana gefen gado, ta sunkuyar da kai.

Komawa gida ta fi asibitin wuya. Ranar farko da aka ajiye masa tuwo ya zauna yana kallon kwanon har ya huce. Bai taɓa kai loma baki da hagu ba. Zulaihat ta kori yaran waje, ta rufe ƙofa, ta ce, "Baban Aina'u, Allah ya san ba raini ba ne. Ka ci." Ya ci, miya tana zuba masa a riga. Alwala ita ke zuba masa ruwa. Tazugen wando da haƙori yake ja. Wani lokaci sai ya ji tafin hannun da babu shi yana ƙaiƙayi, ya rasa inda zai sosa.

Bayan wata uku albashi ya tsaya. Shu'aibu ne ya gaya masa akwai doka: ma'aikacin da inji ya nakasa yana da diyya, akwai ma ofishin da ke biya, kuma kamfani ya riga ya kai rahoton hatsarin. Gwadabe ya sa babbar riga don ta rufe dungulmin, ya tafi.

Ma'aikacin ofishin mutumin kirki ne. Ya ba shi kujera, ya nemo fayil ɗin, ya cike masa fom da kansa. Sai da ya zo ƙarshe ya ce a ba shi katin ɗan ƙasa. Ya duba katin, ya duba fayil, ya sake duba katin.

"Malam, nan an rubuta Ibrahim Sanusi. Katinka kuma Gwadabe Sanusi. Wane ne kai a ciki?"

Gwadabe ya kwashe labarin ya gaya masa, bai ɓoye komai ba. Mutumin ya ajiye biro ya jingina.

"Na yarda da kai, ga hannu ina gani. Amma ni takarda nake turawa sama, kuma a takarda wanda inji ya cinye wa hannu ya shekara uku a kabari. Je ka kamfani su rubuto cewa kai ne ka yi musu aikin nan. Layi biyu ya isa."

Sau huɗu yana zuwa kafin ya ga manajan. Wannan karon ba a ce masa kai namu ne ba.

"Mu Ibrahim muka ɗauka," manajan ya ce. "Yanzu kana gaya mini shekara goma sha ɗaya wani ne daban yake shigo mana?"

"Ranka ya daɗe, an sani. Foman ne ma ya ce in zo."

Aka aika aka kira Musbahu. Ya shigo yana goge hannu a wando, ya tsaya bakin ƙofa. Manajan ya tambaye shi ko ya san da maganar. Musbahu ya kafa ido a kan tabarmar ƙofa.

"Ni dai, yallaɓai, Ibrahim na san shi."

Gwadabe ya juya ya dube shi. Tare suka sha fura a kofi ɗaya, Musbahu har sunan ɗan Gwadabe na biyu ya zo.

Manajan ya sassauta murya. Ya ce abin da aka yi sunansa sojan gona, in kamfani ya ga dama 'yan sanda zai kira, amma su ba masu mugunta ba ne. Ya jawo aljihun tebur ya fito da ambulan da wata takarda. Ya ce ya dangwala yatsa a nan cewa ba shi da sauran magana da kamfani, ya ɗauki wannan ya ja jari. Gwadabe ya kalli ambulan ɗin. Ba ta da kauri. Ya ce zai yi shawara, ya fita.

Limamin layinsu ne ya haɗa shi da Barista Hauwa, wata lauya da ke taimaka wa marasa ƙarfi ba tare da ta karɓi komai ba. Ta saurare shi har ƙarshe, ta yi tambayoyi a kan ƙarfen kariyar da aka cire, ta rubuta.

"Malam Gwadabe, ba zan ruɗe ka ba," ta ce. "Kana da magana. Kai ka yi aikin, hannunka aka yanke, suna ba ya goge wannan. Amma za su ce ba su san ka ba, kuma za su ce kai ka ƙi kashe makunni. Ina buƙatar mutum biyu daga ciki da za su tsaya gaban alƙali su ce an san kai ne, kuma injin ba kariya. Sannan ka shirya, kotun ma'aikata ba ta sauri."

Ya lissafa mutanen sashensu a zuci, su goma sha huɗu. Ya bi su gida gida. Wani ya ce ranar ba ya nan. Wani ya aiko yaransa su ce ya fita, alhali ga takalminsa a ƙofa. Wani da aka sallama, wanda ba shi da abin tsoro, ya riga ya koma Maraɗi, lambarsa ba ta shiga. An kuma mayar da ƙarfen kariyar tun satin hatsarin, har an yi masa fenti.

Shu'aibu da kansa ya zo, ranar Juma'a bayan masallaci. Ya zauna a kan tabarma ya daɗe yana murza hularsa.

"Wallahi har yau in na rufe ido ina ganin abin nan," ya ce. "Amma an tara mu an ce duk wanda ya je kotu kada ya dawo. 'Ya'yana bakwai, ga tsohuwa a ɗaki. Ka yafe mini."

"Kai ka kashe wutar," Gwadabe ya ce. "Ba don kai ba da har kafaɗa. Je ka, ba komai."

Da ya tafi, Gwadabe ya shiga ɗaki ya kwanta yana fuskantar bango.

Haka watanni suka yi ta wucewa. Barista Hauwa ta shigar da ƙarar duk da haka, aka sa rana, lauyan kamfani bai zo ba, aka ɗage. Aka sake sa rana, aka sake ɗagewa. Zulaihat ta fara soya awara a ƙofar gida, ta sayar da gadonta, daga baya keken ɗinkinta. Wata rana da abin ya kai maƙura Gwadabe ya tafi Challawa da niyyar ya dangwala yatsan ya huta. Mai gadi, wanda suka shekara goma suna gaisawa, ya ce an ba shi umarni kada ya bar shi ya shiga, tunda maganar tana kotu. Ya tsaya a gindin katanga yana jin ƙarar injuna har aka tashi cin abinci, sannan ya juyo.

Da damina ta kusa suka yanke shawara. Zulaihat da yaran za su koma ƙauye wurin mahaifiyarsa, akwai 'yar gona da ƙannensa za su taya nomawa. Shi zai zauna, domin Barista ta ce duk ranar da aka kira ƙarar ba ya nan za a iya korar ta. Wani mai sayen tsohuwar roba a Sharada ya ba shi aikin zama gaban sikeli yana faɗar nauyi, da wurin kwana a bayan shagon.

Ya raka su tasha da safe. Kwandasta ya ce a miƙo buhun kaya sama, Gwadabe ya kama da hagu ya ɗaga, buhun ya suɓuce ya faɗi, kwanuka suka watse a ƙasa. Zulaihat ta durƙusa tana tsincewa, wani fasinja ya zo ya ɗora. Aina'u, wadda ta shiga shekara tara, ta leƙo ta taga.

"Baba, yaushe za ka zo?"

"In alƙali ya gama."

"Yaushe zai gama?"

Ya ce ta mai da kanta ciki, mota za ta tashi. Ya tsaya har suka fita daga tasha, sannan ya nemi motar Sharada. An sa zama na gaba bayan hutun kotu, watan goma.