Shekarar da Na Yi wa Marmaro Siminti

A gefen hanyar Tambuwal zuwa Kebbe akwai wani marmaro mai ɗanɗanon kanwa. Kakana ne ya fara tsaronsa, ya kafa wa baƙi rumfuna biyu, ta maza da ta mata. Masu ƙaiƙayi kan zo daga Jabo da Sanyinna su yi kwana uku suna wanka, Fulani kuma su shayar da shanu a gangare. Daga kakana sai mahaifina, daga shi sai ni.

Ni mutum ne mai son tsari. Da na karɓi wurin na kafa doka: masu ɗibar na sha da farko, sannan masu wanka, shanu a ƙarshe. Wannan ta zauna. Saura yasa. Kowace bazara mukan shiga da ƙorai mu kwashe laka daga idon ruwan, mu fito kamar kwaɗi. Na ce wannan ƙazanta ta isa. Na kira magini ya kewaye idon da bulo, ya daɓe ƙasan da siminti, ya bar bututu guda.

Makon farko ruwa garau. Na biyu ya koma ɗigo. Na uku bututun ya bushe, ga baƙi cike da rumfa suna susa suna kallona.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta dogaro sanda ta zo ta leƙa.

"Kai ɗan nan, mi ka yi ma ruwanga?"

"Gyara na yi, Gwaggo."

"Gyara! Ka toshe mai hanci, kana jiran shi yi numfashi? Ba ido guda garai ba. Ƙananan ƙofofi na cikin rairai, kowace shekara suna sake wuri. Yasa ita ka buɗe su."

Na sake kiran maginin, ya zo da guduma yana ƙunshe dariya. Kwana biyu muna fasa, kwana guda muna kwashe ɓaraguzai. Rana ta huɗu babu komai, na kasa cin tuwo. Ta biyar da hantsi rairayi ya yi duhu, taku uku daga inda bututun yake. Na durƙusa na tona da hannu har ruwa ya taru a tafina.

Ƙarfinsa bai dawo daidai ba sai bayan damina biyu. Amma ran nan kafin la'asar baƙin da suka yi haƙurin jira duk sun yi wanka.