Littafin Duniyar Ruwa da Na Kasa Karanta wa Ticha

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da na buɗe wani tsohon littafi a gaban Ticha ba, na kasa karanta ko layi ɗaya.

Ticha tsohon malamin firamare ne, Kirista daga kudancin Kaduna, yana zaune a Unguwar Sarki. Ni kafinta ne a Rafin Guza, kuma a lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Gyaran kujera ne ya haɗa mu. Daga nan kullum bayan La'asar nakan je ƙofar gidansa, ya ɗauko wani littafi mai yagaggen bango, ya maƙala tabarau, ya yi ta karanta mini.

Labarin wata duniya ne can cikin taurari, babu ƙasa ko taki ɗaya, sai teku. Mutanenta suna zaune a kan manyan kwale-kwale da aka ɗaure da juna. Masu mulki ne ke riƙe da injin tace ruwan gishiri, duk wanda ya ɗaga murya sai a hana iyalinsa ruwan sha. Da tura ta kai bango, masunta suka shirya tawaye.

Na ce, "Ticha, ga ruwa ko'ina, kuma a mutu da ƙishirwa?"

Ya ce, "Kai da ke Rafin Guza, yaushe rabon famfonku da ruwa?" Muka kwashe da dariya.

Mun kai inda masunta suka yanke igiyoyin kwale-kwalensu ke nan, sai ciwon suga ya cinye idon Ticha. 'Ya'yansa suna nesa, matarsa da muke kira Mama ba ta yi makaranta ba. Na ƙudurta ni zan karanta masa ƙarshen labarin. Na shiga ajin yaƙi da jahilci a ɓoye, wai in ba shi mamaki. Ajin kuwa bayan La'asar ake yi, daidai lokacin hirarmu. Sai na riƙa cewa aiki ya yi mini yawa. Cikin wata biyar bai fi sau uku na leƙa shi ba.

Ranar da na karanta shafi guda na Hausa malama ba ta gyara mini ba, gidansa na nufa kai tsaye. Na yi sallama, na same shi kwance, ya rame ƙwarai.

"Muryar wa nake ji? Kafinta? Ashe kana gari."

Na ce, "Mama, a taimaka mini da littafin nan."

Na buɗe inda ya saka tsinken tsintsiya. Haruffan duk na san su, amma sun ƙi haɗuwa. Na gwada, na sake gwadawa, abin ya faskara.

"Ticha, wannan wace irin Hausa ce?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Wayyo abokina! Turanci ne. Ina gani ina juya maka da Hausa."

Wata da watanni ina sauraronsa ban taɓa ganewa ba, don ko sau ɗaya bai yi gargada ba. Ni a ganina boko ɗaya ne, in ka iya ka iya.

Na kwashe komai na faɗa masa. Ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Saboda wannan ka daina zuwa? Tun ina saurayi na san ƙarshen littafin nan. Don kai nake karantawa. Kullum La'asar kujera biyu nake sa Mama ta fitar."

Kunya ta hana ni ɗaga kai. Da ƙyar na ce, "To masuntan sun yi nasara?"

"Ka dawo gobe in ba ka labari. Yau na gaji."

Washegari na je da wuri, na tarar an wuce da shi asibiti. Kwana huɗu ya yi a can bai ƙara magana ba, ya rasu.

Yau ina karanta Hausa, ina rubutawa, na kuma gode wa Allah. Amma abin da na koya bai fito daga aji ba. In za ka yi wa mutum alheri, ka fara tambayarsa abin da yake bukata. Mara lafiya kuma ba a ce masa ya jira sai ka shirya. Ka je ka zauna kusa da shi, ko da hannu rabbana ne.