Kod ɗin da Mahaifiyata Ba Ta Iya Faɗa

Wasu shekaru da suka wuce, lokacin da intanet ɗin tauraron ɗan'adam ya fara shigowa yankinmu, na yi wata dabara da na daɗe ina yabon kaina a kanta. Saura ƙiris dabarar ta ci ran ƙanwata.

Ni a Dogon Dutsi nake aiki, mahaifiyata kuwa tana ƙauyenmu can bayan Kiéché. Ƙauyen babu rezo, waya ba ta kamawa. Mai son kira sai ya hau tudun bayan gari, ya ɗaga waya sama ya yi ta juyawa, ita kuma ciwon gwiwa ya hana ta hawa. Wani abokina, mai sana'ar kafa sola da parabol na talabijin, shi ya ce in saya mata na tauraro, tunda ba ya buƙatar a jawo waya daga ko'ina. Faranti ɗaya ne mai kallon sama, da ƙaramin akwati, da fannon sola da batir. Muka kai kayan a amalanken jaki, ya kafa a kan ɗakinta, na saya mata waya, na rubuta lambata a jikin kwalin akwatin. Ranar da ta fara ganin fuskata a wayar, sai da ta juya ta duba bayanta.

Kod ɗin shiga da na sa na farko lambobi ne, ɗaya zuwa takwas, don kada ta manta. Ba ta manta ba kuwa. Duk wanda ya yi sallama sai ta karanta masa. Cikin sati biyu gindin katangarmu ya zama majalisa, ni kuma in na kira sai hoton ya daskare. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne labarin da na ji, cewa wasu baƙi a kan babura, waɗanda ba wanda ya san su a gari, sun fara tsayawa suna amfani da shi. Abokina ya ce da sunana aka yi rajistar kayan, don haka duk abin da aka aikata da su ni za a nema, ga kuma halin da ake ciki a daji. Na roƙi mahaifiyata ta daina bayarwa. Ta ce, "Wanda yaz zaka ɗibar wuta, korar shi aka yi? Ni ban iya hana ma mutum abin da ba ya ƙarewa."

A hanyar komawa Dutsi dabarar ta faɗo mini. Ni ne ɗan fari, kuma sunan kakana, wato surukinta, aka sa mini. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Tunda aka haife ni ba ta taɓa furta shi ba, in ta matsu sai ta ce "yaron nan na Dutsi". Duk gari da laƙabi ake kirana, sunan yankan sai tsofaffi kaɗan suka sani. Na dawo na mayar da kod ɗin sunana, na saita wayarta, sannan na gaya mata abin da na sa. Ta kalle ni ta kau da kai, ta ce ba ni da ta ido.

Abin ya yi aiki fiye da zatona. Mai tambaya ya zo, ta ce ba ta iya faɗi, ya tafi yana zaton boko ne ya fi ƙarfinta. Majalisa ta watse, masu babura suka daina tsayawa. Na yi ta ba da labarin a wurin shan shayi, ina cewa duk injiniyoyin duniya ba su taɓa ƙera makulli irin nawa ba.

Da damina ƙanwata ta zo gida haihuwar fari. Ana cikin haka wayar mahaifiyata ta faɗa tukunyar ruwa ta mutu. Aka aiko mini da ita ta hannun mai zuwa kasuwa, na ce zan kai sabuwa ranar Juma'a. Naƙuda ba ta jira Juma'a ba.

Laraba da hantsi ina ofis, kira ya shigo daga lambar da ban sani ba. Maƙwabciyarmu ce, wata amarya 'yar wajen Tibiri da aka kawo bayan na canza kod. Ta ce ƙanwata na kan gwiwa tun jiya, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, jini kuma ya ɓalle. Maza duk suna gona. Ban tsaya tambayar yadda ta samu shiga ba. Na ruga na samo motar likita da ungozomar asibiti, muka kama hanya cikin taɓo. Muka kawo ta Dutsi, aka yi mata aiki. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da ba wannan zancen muke ba. Ta rayu, jaririyar ma ta rayu.

Sai bayan suna maƙwabciyar ta ba ni sauran labarin. Ita ke da waya, ta yi lakwal, wato makarantar boko, amma ba ta da kod. Tudun kuma ba hanyar zuwa, ruwa ya cika kwarin da ke tsakani. Mahaifiyata ta ce mata sunan yaron nan na Dutsi ne, amarya ta rubuta laƙabina, ya ƙi. Mahaifiyata ta ce sunan kakan gidan ne, amarya ta ce ita baƙuwa ce, ba ta san shi ba. Aka aika wurin wata tsohuwa da ta san sunan, aka tarar ta tafi ta'aziyya wani gari. Duk wannan kai-kawo ƙanwata na nishi a ɗaki.

"Sai Inna ta juya huskarta ga bango," in ji ta, "ta hwaɗe shi sau guda, can ƙasa-ƙasa. Ni ko ban ji da kyau ba, nac ce ta sake. Ta sake. Wallahi hawaye na zuba mata."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na ɗauki abin da ta riƙe shekara arba'in na yi kwaɗon ƙofa da shi, kuma ban taɓa tambayar kaina wa zai buɗe ba ranar da na cikin gida ke neman taimako.

Na je na durƙusa gabanta in ba ta haƙuri. Ba ta bari na kai ƙarshe ba. Ta ce, "Kai dai tashi ka canza abin ga. Ka sa ma shi sunan da mutum ka iya kira."

Abokina ya zo ya raba layin biyu, ɗaya na gida, ɗaya na maƙwabta, wanda ake canza kod ɗinsa duk wata. Na gidan yana rubuce a takardu biyu, ɗaya a hannun maƙwabciyarmu, ɗaya a hannun liman. Baƙon da ba a sani ba har yau ba ya samu, amma babu sauran makullin da mutum ɗaya kaɗai ke riƙe da shi.

Ina gode wa Allah, ina gode wa amaryar nan da ta ce a sake, da abokina da bai taɓa yi mini gori ba ko da yake ya ji duk cika-bakina. Yarinyar yanzu tana gudu a tsakar gida. Wani lokaci in na tuna, nakan ji wani ɗan kishi na wauta, domin mahaifiyata ta kira sunana sau biyu a duniya, kuma ba na wurin. Ban taɓa roƙonta ta sake ba, ba kuma zan roƙa ba. Na san abin da ya sa ta faɗa, ya ishe ni.