Tela da Abincin 'Yarsa

Mijina tela ne, kuma tun da muka yi aure ko ruwan shayi bai taɓa dafa mini ba. Da 'yarmu ta isa cin abinci, sai ga shi a kicin. Yakan ɗauko daskararren karas da mangwaro daga firiza, ya turara, ya markaɗa, ya tace. Har ɗigawa yake a bayan hannunsa, kada bakin gimbiya ya ƙone. Ni kuwa ina gefe ina haɗiyar yawu.

Ranar da mura ta kwantar da ni, na ji ƙarar blanda, na gyara zama ina murmushi. Ya leƙo da ɗan kwano a hannu.

"Maman yarinya, daure ki rage tarin nan. Za ta ci abinci."