Yashin Ƙarƙashin Lilo

Ranar wata Talata ce da la'asar, cikin sanyin watan Janairu, shekarar da nake aji biyar na firamare. Ina kan lilo a 'yar hadiƙar layinmu, wato filin wasan yara, da ke unguwar Al-Shifa a Riyadh, ina ta cika baki wai sai ƙafata ta taɓo reshen bishiya, ƙanwata Safiya kuma tana zaune a gefe tana tuwon ƙasa da murfin gwangwanin madara. Shekararta uku da rabi. Umma ta ba ni amanarta, ni kuma na bar wa yashi amanar. Sai na ji ta ce, "Yaya, kalli miya." Na waiwayo na ga hannunta ya yi dumu-dumu, kuma kafin in diro ta riga ta murza idonta na hagu da bayan hannun. Warin ne ya gaya mini ko mene ne. Kashin kare ne, an binne shi da yashi daidai inda ƙananan yara suke zama.

Na saɓa ta a kafaɗa na haura bene da gudu. Umma ta wanke hannun nan da sabulu har na daina ƙirgawa, ta wanke fuskar, ta jefar da rigar, sannan ta juyo kaina da faɗa. Ban musa ba, don na san nawa laifin. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, duk layinmu babu mai kare. Kuma karen titi ba ya zaɓar wuri ya rufe abinsa lafiya lau, ya shafe saman kamar an bi da tafin hannu. Da muka koma da sanda muka tona, sai muka samu wajen guda goma, wasu sun bushe, wasu sababbi.

Wanda bai tashi a Riyadh ba zai ce mene ne abin tayar da hankali a kan ɗan fili mai lilo biyu da benci ɗaya. Mu kuwa shi ne duniyarmu. Gidanmu ɗaki biyu ne a wani tsohon bene da Kanawa da mutanen Maradi da Damagaram da 'yan Sudan suka cika, ko'ina ka duba kwalta ce da siminti da motoci. Umma takan ba mu labarin yadda suke yawo gida-gida a Kano tun safe har magariba, mu ji kamar tatsuniya. Da zarar na gama wanke-wanke, na kwaso shanya daga saman bene, na sayo burodi a baƙala, ɗan kantin unguwa, sai hadiƙa. A nan iyayenmu mata suka koya mana carafke da 'yar gala-gala, maza suna langa, muna faɗa da Larabci mu shirya da Hausa. Ni ce uwar iyayi a cikinsu, ni ke raba layin lilo, kuma ba a cika jayayya da ni ba.

Baba direba ne a wani gidan ajiyar kaya a Birnin Masana'antu na Biyu. Kullum daga sallar asuba yake wucewa gidan kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, wani babban gida a bayan hadiƙar, ya karɓi mukullin mota ya tafi. Ni da Umma da Safiya duk a kan igamarsa, takardar izinin zama, muke rataye, igamar kuma sai kafili ya sa hannu ake sabunta ta. Shi ya sa maganarsa ɗaya ce in za mu fita: "Nan ba garinmu ba ne, ku bi a hankali." Mutum ne mai tsafta har ta yi yawa, farar rigarsa ba ta kwana biyu a jiki. In Hausawa sun taru wajen suna ko ta'aziyya, shi ake cewa ya buɗe da addu'a. Ni ce 'yarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke 'yar nan".

Bayan kamar mako shida idon Safiya ya yi ja, ta riƙa karkata kai in za ta kalli mutum. Wata safiya na miƙa mata kofi ta gefen hagu ba ta karɓa ba, don ba ta gan shi ba. A asibiti ni na yi wa Umma tafinta, saboda Larabcina ya fi nata. Likitan ya tambaya ko muna da kare a gida. Umma ta ji kamar an zage ta. Ya ce akwai wata ƙaramar tsutsa da ƙwanta ke zama a kashin kare, ya daɗe a cikin ƙasa, yaro ya sa hannu a baki ta shige shi, wani lokaci ta kai har ido. Ya ce mai yiwuwa tun kafin ranar nan ta ɗauka. Za su ba da magani don a ceci abin da ya rage, amma ba zai yi alkawarin ganin da ya tafi zai dawo ba. Haka na juya wa Umma maganar zuwa Hausa. Baba yana tsaye bakin ƙofa, ya cire hularsa yana ta murɗa ta, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban mutane ba.

Layi ya ɗauki zafi. Aka hana kowane yaro zuwa hadiƙa. Mata suka taru a falonmu, Inna Rabi 'yar Damagaram, wadda ta fi kowa shekaru da kaifin baki, ta ce wallahi ko ɗan waye mai karen nan sai ta kai shi baladiyya, ofishin hukumar gari. Wasu suka ce a yi haƙuri, duk wanda ya kai ƙara takardunsa za a fara tambaya. Inna Rabi ta ce, "To mu zuba ido 'ya'yanmu su makance don takarda?" Ni kuwa na tsaya a gaban yaran bene na rantse sai na gano shi, kuma sai na faɗi sunansa kowa ya ji. Gaskiyar magana, ina neman wanda zan sauke wa laifina ne. Tun ranar asibiti ba na iya kallon idon ƙanwata.

Na yi lissafi irin na yara: da rana muna gani, da yamma maza suna zama a bencin, saura asuba ke nan. Daga saman bene inda muke shanya ana hango hadiƙar gaba ɗaya. Washegari, bayan an idar da salla, na ce wa Umma na manta rigar makaranta a kan igiya. Na laɓe a bayan tankin ruwa, sanyi yana cin yatsuna, na riƙe wani ɗan dutse da na tanada. Gari ya fara wayewa sai ga wani farin kare mai gashi ya ɓullo ta bayan hadiƙa, wani mutum yana biye da shi ya naɗe fuska da mayafi. Ya miƙe hannun da ke riƙe da igiyar nesa da jikinsa, don kada karen ya goge shi. Suka wuce kwalta, suka wuce siminti, suka tsaya a wajen lilo. Karen ya tsuguna. Da ya gama, mutumin ya duba hagu da dama, ya sa gefen takalminsa ya turo yashi ya rufe, ya bi ya shafe saman a hankali. Takalmin nan ni nake goge shi kowace Juma'a.

Ban san lokacin da dutsen ya faɗi daga hannuna ba. Na sauko ba tare da rigar ba, Umma ta yi faɗa ban ji ba. Kwana uku na yi da abin nan a cikina. In na faɗa, Inna Rabi za ta tafi baladiyya, maganar ta kai ga kafili, igamarmu kuwa saura wata biyu a sabunta. In na faɗa, mutumin da ake cewa ya yi wa taro addu'a zai koma mai jan kare a bakin kowa. In na yi shiru kuma, kowace safiya ana ƙara binne wani, kuma na san yara ba za su jure wata guda ba su koma. Na ji haushin Baba, na ji tausayinsa, na ji tsoro. A rana ta biyu Inna Rabi ta tare ni a matakala ta ce, "Ke 'yar gidan Malam, an ce kin hau sama da asuba. Me kika gani?" Na ce ban ga komai ba. Ta daɗe tana kallona kafin ta matsa mini in wuce.

'Yar fari ba ta tsayawa gaban ubanta ta ce na gan ka. Ban ma san da wane baki zan fara ba. Sai ranar Alhamis da yamma na kwashi ledojin baƙala da Umma take tarawa a bayan ƙofar kicin, na naɗe guda biyar ƙanana, na cusa su a aljihun rigar sanyin Baba. Da asuba ina kwance ina jin motsinsa. Na ji ya sa rigar, na ji ƙarar leda, sai shiru mai tsawo. Ya zo bakin ƙofar ɗakinmu ya tsaya. Na rufe ido. A hankali ya ce, "Zainabu." Na yi kamar ina barci, ya juya ya fita.

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a, Baba ya aro shebur da buhuna a wurin masu gini, ya shiga hadiƙa da farar rigarsa ya fara kwashe yashin ƙarƙashin lilo. Mutane suka taru. Wasu suna sa masa albarka, a zatonsu ciwon 'yarsa ne ya motsa shi. Ya dafa shebur ya ce, "Ku daina yi mini godiya. Karen ɗan kafilina ne, ni nake fita da shi, ni nake binnewa." Umma tana kallo ta taga, ta saki labule. Sai da ya cika buhu uku shi kaɗai kafin wani mutumin Maradi ya tuɓe takalmi ya riƙe masa bakin na huɗu.

Daga baya, da na girma, ya gaya mini yadda aka yi. Ɗan kafilin ya dawo daga karatu a waje da karen, ya yi mako biyu yana fita da shi, ya gaji da tashin asuba, sai ya miƙa wa Baba igiyar kamar yadda ake miƙa mukullin mota. Bai ba shi leda ba, bai ce masa komai ba. Baba ya kasa cewa a'a, ya kuma kasa gaya wa Umma. A ƙauyensu kuwa in dabba ta yi, ƙasa ake turawa a rufe, rana ta ƙarasa aikin. Duk unguwar babu inda ke da yashi mai laushi sai wajen lilo. Ya ce, "Wallahi na ɗauka tsafta nake yi." Ranar asibiti ya gane, amma kunya da tsoro suka riƙe shi, ya ci gaba yana cewa gobe zai daina.

Ranar Asabar ya je ya gaya wa kafilin komai, ya ce a kai karen wajen likitan dabbobi. Mun yi mako biyar ba mu san matsayinmu ba, Umma har ta fara haɗa kaya a kwali. A ƙarshe aka sabunta igamar, aka turo motar sabon yashi. Mai karen bai taɓa takowa ya duba Safiya ba. Baba ya ƙara shekara guda yana jan igiyar, amma fuskarsa a buɗe, leda a hannu, kuma ba ya bi ta hadiƙa. Wasu suka daina cewa ya yi addu'a a taro. Wasu har yau Malam mai kare suke ce masa a bayan ido.

Yanzu karnuka sun yi yawa a Riyadh, har da shagunansu da masu yi musu aski. In na kai ɗana wajen wasa na ga kare, ba karen nake kallo ba, hannun da ke riƙe da igiyar nake kallo, in ga ko na mai shi ne, in ga ko akwai leda. An shimfiɗa roba a ƙarƙashin lilon layinmu, babu sauran inda yarinya za ta yi tuwon ƙasa, kuma nakan yi kewar yashin nan duk da abin da ya yi mana. Safiya ta gama jami'a da ido ɗaya da rabi, ba ta taɓa ɗaga wa Baba maganar ba. Ya tsufa, tafiyarsa ta yi sanyi, ita ce ma ya kamata ta riƙe shi. Amma har yau in za su tsallaka titi, a hagunta yake tsayawa.