Sunan da Baba Kande Ta Tsallake

Ni sana'ata turi. Ina da rumfa a bakin tashar Gumel da wata tsohuwar kwamfuta mai yawan tari, mutum ya kawo wayarsa ko memori in zuba masa waƙoƙi da wa'azi da finafinai. Don haka idan waƙa za ta tashi a ƙasar nan, ni nake fara jin ƙamshinta kafin gidan rediyo. Amma ta Baba Kande ta shammace ni, alhali katangarmu ɗaya da ita tun ina yawo ba wando.

An haifi Baba Kande a wani ƙauye kusa da Gagarawa, cikin 'yan gidajen Hausawa Kirista da kakanninsu Maguzawa ne. Aure ya kawo ta Gumel, gidan Malam Bitrus birkila, wanda Allah bai yi wa tsawon kwana ba. Ya bar ta da 'ya'ya huɗu da turmi, kuma da turmin nan ta riƙe gidan. Surfe take yi wa mutane da dakan fura. Inji ya zo ya raba mata da yawa da wannan sana'a, amma masu fura na gaske suna nan kan bakansu cewa geron da bai sha taɓarya ba ba ya ƙamshi.

Abokiyar dakanta innata ce, wadda unguwa ke kira A'i mai fura. Turmi ɗaya, taɓarya biyu, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, wani lokaci su cilla taɓaryar sama su tafa kafin su cafe. Lugude ke nan, kuma a kansa Baba Kande take rera waƙoƙin da ta ƙirƙira da kanta, na yabon Yesu da na roƙon Ubangiji. Inna ba ta taɓa karɓa mata da baki ba. Bakinta na salati, taɓaryarta na amshi, kuma ban taɓa jin sun yi musu a kan haka ba.

Ɗanta na fari Iliya, sa'ana ne kuma abokina. Kowa ya san kunyar ɗan fari, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. To, ta Baba Kande ta wuce ta kowa. Tun da aka yaye shi aka kai shi ƙauye wurin kakarsa, bai dawo ba sai da tsohuwar ta rasu, ya tarar da uwar da ba ta haɗa ido da shi. "Yaron nan" take ce masa, ko "wancan". Faston cocinsu har wa'azi ya yi cewa wannan al'ada ta zamanin da ce. Ta gyaɗa kai ta ce gaskiya ne, ta dawo gida ta ci gaba da abinta.

Bayan rasuwar ubansa Iliya ya ce zai tafi haƙar zinariya can arewacin Nijar. Ina tsaye a zauren gidansu ranar da ya fito da jaka. Ya durƙusa nesa da turmi ya ce wa uwarsa, "Inna, zan tafi."

Taɓarya ba ta tsaya ba. Sai ta dubi innata ta ce, "A'i, ki ce masa Allah ya kiyaye hanya."

Na raka shi har Maigatari. Kafin ya hau mota ya ce mini, "Sha'aibu, na san al'ada ce. Amma ko akuya mutum ya kai kasuwa, ai yakan waiwaya ya dube ta." Da farko yana kirana jefi-jefi, daga baya lambar ta mutu. Na ji haushin matar nan ƙwarai, na yi watanni gaisuwata da ita ba ta wuce ina kwana. Sai da Inna ta gaji da fushina ta gaya mini cewa ranar da Iliya ya tafi, geron surfe aka kawo musu, amma Baba Kande ta yi ta dukansa har ya zama gari, ba ta ma san ta yi ba.

Shekaru suka tura. Akwai wani Cindo mai kaɗa fiyano a cocinsu, yana da ɗan situdiyo a wani shago bayan kasuwa. Ya ji ta tana waƙa a taron zumuntar mata, ya nace sai ya ɗauki muryarta. Ta je, ya sa mata abin ji a kunne, ya tsayar da ita gaban makirfo. Matar da ake jin muryarta daga layi uku sai ta koma kamar mai gaida surukai. Ta ce ita ba ta iya waƙa hannu sake ba. Cindo bai yi gardama ba, ya kwaso kayansa ya kawo tsakar gida, ya rataye makirfo a reshen darbejiya saitin turmi. Aka tambayi Inna ko za ta yarda a ji taɓaryarta a faifan coci. Ta ce, "Ni gero nake daka, ɗan nan. Ku ɗauki abin da za ku ɗauka kafin rana ta yi."

A cikin waƙoƙin akwai wata mai suna "Ka Tsare Mini Su". Roƙo ne na uwa, tana miƙa 'ya'yanta ga Ubangiji ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarami zuwa babba. Ta ce a tsare mata Lami, taɓarya ta amsa. Ta ce a tsare mata Saratu, sannan Ayuba. Da ta zo kan na huɗu sai ta ce "ka tsare mini", ta yi shiru, taɓarya biyu kawai ke tafiya, sannan ta ɗora baiti na gaba. Cindo ya ɗauka mantuwa ce ya ce a sake. Aka sake, ta kuma tsallakewa a daidai wurin.

"Baba, akwai rami a nan," in ji shi. "Me ya kamata ya shiga?"

Baba Kande ta sunkuya tana tankaɗe. Inna ce ta ce, "Kai ɗan yau ne. Bar shi yadda ka same shi."

Ya so ya cike wurin da fiyano, ya gwada ya ji bai zauna ba, ya bar shi. Haka albam ɗin ya fito, sunansa Lugude, da hoton turmi a bangonsa. Cindo ya kawo mini ya ce in riƙa tura wa masu so. Na karɓa don kunyar maƙwabtaka, a raina ina cewa wa zai nemi dakan unguwarmu a waya.

Matan zumunta ne suka fara tafiya da shi wani babban taronsu a Kano. Waɗanda suka je sun ce da aka sa waƙar a lasifika aka zo wurin ramin, sai wata mata da ɗanta soja ne a bakin daga ta kira sunansa a ciki. Da waƙar ta zagayo, ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka, kowace da sunan da take kira, wasu suna kuka. Daga nan abin ya fi ƙarfin Cindo. Gidajen rediyo a Jos da Kaduna suka kama, coci-coci suka fara aiko da gayyata. Baba Kande da ba ta taɓa wuce Kano ba sai ga ta a Abuja, an ɗaure turminta a saman mota, ana ba ta lambar yabo a talabijin tana ta gyara ɗankwali. Ta sake rufin gida, ta yi albam na biyu, har tabarau ta samu. Dakan fura dai ba ta bari ba, ta ce muryarta a cikin turmi take kwana.

A rumfata kuwa direbobi da dillalan shanu, Musulmi irina, sai su matso su rage murya su ce, "Sa mini waƙar nan mai rami." Na taɓa ganin wani dattijo daga Sule Tankarkar ya kara waya a kunne, da aka zo wurin ramin sai leɓensa ya motsa. Ban tambaye shi sunan wa ya kira ba.

Duk wannan ɗaukaka ba ta sa na ga haƙoran Baba Kande sosai ba. In ta biyo ta tasha sai ta tsaya ta ce, "Sha'aibu, waƙar nan tana ƙetare iyaka kuwa?" Sau biyu ta tambaya kafin kaina ya kawo wuta. Daga ranar, duk direban da zai shiga Nijar daga kasuwar Alhamis ta Maigatari, in ya kawo memori sai na cusa masa ita, ya nema ko bai nema ba. Na sha zagi a kan haka, ban kuma daina ba.

Da kaka, ana cikin shigo da sabon gero, wani ramammen mutum mai gemu ya tsaya a bakin rumfata ya ce, har da ɗan Faransanci irin na mutanen Nijar, "Bon, Sha'aibu, har yanzu kwamfutar nan ba ta mutu ba?" Na rungume shi har mutane suka taru. Zinariya ba ta yi da shi ba, kanikanci yake a wani gareji a Agadas, kunyar dawowa hannu rabbana ta sa aka daina jin ɗuriyarsa. Ya ce yana ƙarƙashin wata babbar mota sai ya ji lugude daga wayar direban, ya gane taɓaryar tun kafin murya ta fito. Ya ji Lami, ya ji Saratu, ya ji Ayuba.

"Sai direban ya sa sunan ƙanensa a wurin," in ji Iliya. "Na fito na ce masa, malam, fita daga nan, wurin nan nawa ne."

Na kai shi gida. Suna daka. Baba Kande ta ɗago ta gan shi, taɓaryarta ta sauka a gefen turmi, abin da ban taɓa gani ba. Na ce yau dai za a yi ta. Sai ta juya ta ce, "A'i, a ba baƙo ruwa." Wallahi ji na yi kamar in kifar da turmin.

Ya yi 'yan makonni. Kullum akwai dambun zogale da yake so tun yana yaro, amma Lami ce ke kawo masa, uwar tana ɗaki. Wata rana ya ce mini, "Na zo na gani, Sha'aibu. A waƙa ina da wuri, a gida ba abin da ya sake. Zan koma." Na san in ya tafi wannan karon ba za mu ƙara ganinsa ba, na kuwa gaya wa Inna haka.

Ranar tafiyar da hantsi ya fito da jakarsa, da hula a kansa, ya durƙusa inda ya durƙusa wancan karon. "Inna, zan tafi."

Baba Kande ta buɗe baki ta dubi innata. Inna ta jingine taɓaryarta a bango, ta kakkaɓe hannu ta ce, "Kande, ni kam na tsufa da aike. Yau ba na isar da saƙon kowa."

Taɓarya ɗaya ta ci gaba ita kaɗai, ba daɗin ji. Iliya ya jira, ya miƙe, ya saɓa jaka. Ya wuce ni a bakin zaure idonsa ja, har ya sa ƙafa a waje. Sai dakan ya tsaya.

"Iliya."

A hankali ta faɗa, da wata murya ba irin wadda ake ji a rediyo ba. Ya tsaya bai juyo ba.

"Iliya, ka manta hularka."

Hular tana kansa. Duk mun gan ta. Ya ajiye jakar a zaure, ya koma ciki nemanta.